Shekarar da Kawu Ya Yi wa Bindiga Sutura

A shekarar da na gama makarantar 'yan mata ta Sakkwato na dawo gida Wurno ina jiran a ba ni aji, kawuna ya sayi bindiga. Turawa ba su tafi ba tukuna, amma an fara maganar tafiyarsu, wasu ma sun fara sayar da komatsansu. Wani Baturen gona da zai koma ƙasarsu shi ya sayar wa kawu tasa, bayan kawu ya yi ta sintiri ofishin Di'o har aka ba shi lasin.

Kawu ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Fatun awaki yake saye yana kai wa kamfani, kuma tun rasuwar babana shi ne babba a gidanmu, maganarsa ce magana. Mutumin kirki ne, mai son tsafta da turare. Ko ragon Layya wani yake kira ya yanka masa, shi kuwa ya juya baya yana salati. Abin da ya haɗa shi da bindiga, har yau ban sani ba. Ina jin kawai ya gan ta ne a hannun Bature ya ga ta yi masa kyau.

Ta kuwa yi kyau. Ba irin ta maharbanmu ba ce da ake ɗura wa albarushi ta baki. Wannan sakata gare ta a gefe, kamar ta ƙofa: ka ɗaga, ka ja baya, ka tura gaba, ka kwantar, harsashi ya shige da kansa. A bisanta akwai madubin hange mai janyo nesa kusa. Ranar da aka kawo ta kawu ya bar ni na leƙa sau ɗaya, na ga balbela a bakin gulbi tana gyara fiffike kamar a tafin hannuna take. Na daɗe ban sauke ido ba, sai da ya yi gyaran murya.

Baturen ya haɗa masa da harsashi ashirin da wani ɗan littafi na Turanci. Ya kuma nuna masa abu guda, wanda kawu da bakinsa ya ba mu labari yana dariya. Wai ya ɗauki takarda ya zura tsakanin ƙarfen bindigar da itacenta, takardar ta wuce sumul har gindi, ya ce haka za ta zauna, kada komai ya haɗa su.

A wannan shekarar gero bai yi ba. Ruwa ya ɗauke tun yana bununi. Abin da ya rage mana shi ne gonar Inna ta fadama, wadda babana ya bari, kunya sittin na kudaku, abin da mutanen gabas ke kira dankali. Da shi Inna ta yi niyyar musayar hatsin da zai kai mu damina. Sai gyado, wato aladen daji, ya samo gonar. Wani ƙaton namiji ne mai haure kamar lauje, da safe yake zuwa, ya durƙusa a kan gwiwoyinsa kamar mai neman gafara, ya tone kunya guda tas, ya ƙara da rabin wata.

Inna ta yi shirin kiran gayya a haƙa rami a zagaye gonar, a yi shingen ƙaya. Har ta jiƙa geron furar masu aiki. Kawu ya ji, ya shigo cikin gida yana gyara hula.

"Haba Yaya! Ƙaya? Ƙanenki na da wagga bindiga ki kira gayyar ƙaya? Mi mutane za su ce?"

"Su ce ina da kudaku," in ji Inna.

"Ki ba ni kwana ukku. Ni da kaina zan kawo miki haurensa ki rataya."

Inna ta dube shi, ta dubi ƙwaryar geronta. Ba ta son ta kunyata shi a gari, shi ne kaɗai namijin da ya rage mata. Ta ce to. Ran nan kunya hamsin da huɗu ne a gona.

Washegari ya kira ni zaure in karanta masa littafin. Ya shimfiɗa bindigar a kan buzu, ya zauna yana kallonta yana girgiza kai.

"Malama," haka yake kirana tun da na shiga makaranta, "dubi nan. Ba ki ga wani abu ba?"

Na ce ban gani ba.

"Tsirara take! Takobi na da kube, doki na da sirdi da jalala, ko goran nono ana yi mai ado. Wagga ko, sun sallamo ta kamar marainiya. Karanta mani, mi sunka ce a sa mata?"

Na karanta. Littafin bai nemi abu da yawa ba: maratayi na sagalawa a kafaɗa, ɗan tsinken ƙarfe na goge cikinta, da man da aka yi dominta. Sai wani shafi da aka rubuta da manyan baƙaƙe, cewa kada a ɗaure komai a jikin ƙarfen, kuma duk wanda ya taɓa wani abu a jikinta ya gwada harbi a kan alama kafin ya fita da ita. Na fassara masa wannan shafin da ƙaramar murya, ina kallon tabarma. A gidanmu ba a ce wa kawu "kada" sau biyu, ko da a bakin littafi ne.

"Bature bai san hwata ba," in ji kawu. "In ya santa, mi ya sa yake aiko ni in saye mai tamu?"

 Gaskiya ban bi ta kan tambayarsa ba. Tun da ya ambaci ado hankalina ya tafi. A makaranta ni ce gwanar zane, kuma da ya ce in zana masa yadda suturar za ta kasance, sai na ji kamar an ce in yi wa amarya lalle. Na kwashe yini biyu a kai. Na zana jar fata da ratsin kore, da ƙananan taurari, da ganyen bado yana bin jikin itacen. Na ƙara da tuntu na koren alharini, na ce a ɗaure shi a kan sakata, don in an ja ta ya riƙa lilo. Wannan tuntun ra'ayina ne ni kaɗai, babu wanda ya sa ni.

Dukawan Wurno ba su yi wa kawu ba. Ya ce ɗinkinsu na jakar tsofaffi ne. Akwai wani baduku a Rabah da ya yi suna wurin kuben takobi, wurinsa za a je. Na bi shi da sunan gaida gwaggona da ke aure can. Kafin mu tashi Inna ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba, "Arba'in da shidda." Kawu ya yi kamar da jakin da za mu hau take magana.

Badukun tsoho ne mai ido ɗaya, rumfarsa tana warin bagaruwa da man shanu. Ya karɓi bindigar da hannu biyu, ya juya ta, ya shinshina, ya ga 'yar tazarar nan da ke tsakanin ƙarfe da itace. Ya zura farce a ciki, ya yi tsaki.

"Maigida, an cuce ka. Dubi, ba ta haɗe ba. Masassaƙin Turawa ya yi ganganci."

"Ni ma na gani," in ji kawu, wanda da bakinsa ya ba mu labarin takarda.

"Amma kak ka damu. Ɗanyar hwata zan jiƙa in ɗinke su tare. In ta bushe ta kama, ko aljani ba shi raba su. Haka muka yi wa ƙotar mashi tun kakanni."

Na buɗe baki. Na ce, "Kawu, littafin ya ce..."

"Ɗiyar wa ta?" in ji badukun.

"Ɗiyar yayata. Ta yi boko."

"Allah sarki. Allah shi ba ta lahiya."

Na rufe bakina. Sa'an nan ya ga zanena, ya ce tun da yake bai taɓa ganin ganyen bado mai rai haka ba, ni kuwa na ji daɗi har na manta da littafi. Abin kunya ne, amma haka aka yi.

Aikin da aka ce kwana uku sai da ya ci tara, don kullum kawu sai ya tuno wani abu. Maratayi ya zama biyu, na fita daji da na ranar Juma'a. Aka yi wa madubin hange hula, aka yi wa hular murfi. Aka yi kube dogo mai baki kamar na alabe. Aka yi ɗamara mai aljihu ashirin cif, kowane harsashi da ɗakinsa. Muna can wata mai tallar daddawa daga Wurno ta kawo saƙon Inna. Ba gaisuwa, ba komai, sai kalma uku: talatin da biyar.

Muka dawo gida da bindiga ja wur, tana ƙyalli, ta yi nauyi kamar an goya mata ɗa. Ranar zauren kawu ya cika. Na yi zaton gobe za a fita. Sai wani daga cikin masu kallo ya ce ai bindiga ba ta shiga daji ba laya, gyado dabba ce mai kwari, in ba a shirya ba harsashi ruwa yake zama. Kawu ya ce gaskiya ne, dama yana tunanin haka. Aka aika Goronyo a kira wani tsohon maharbi.

Sai da ya kwana huɗu ya zo, a ƙafa, da 'yar tsohuwar bindigarsa ɗaure da tsumma. Ni na kai masa ruwa, na laɓe a bayan zana. Ya daɗe yana kallon bindigar kawu bai taɓa ba.

"Ina bindigar?" ya ce.

"Ga ta gabanka, Baba."

"A'a, wannan na ga kaya. Bindigar nika tambaya."

Mutane suka yi dariya, kawu ma ya yi, a zatonsa yabo ne. Tsohon ya tambaya ko an gwada ta tun da aka ɗinke. Kawu ya nuna masa ɗamara, ya ce in aka harba ɗaya a banza aljihu guda zai zauna wayam kamar giɓi a bakin budurwa, kuma sai an koma wurin Di'o kafin a sami wani.

"To ka ba ni izini in tahi da tawa gobe da sahe," in ji tsohon. "Kahin hantsi an gama. Kai kuma ka ci gaba da renon wagga."

Inna tana bayana, na ji ta ja numfashi. Amma kawu ya ɓata fuska. Ya ce laya ya kira shi ya ba shi, ba gori ba. Tsohon ya ɗaga kafaɗa, ya ciro layu uku daga burgamensa, ya ce a rataya inda aka ga dama, ba su hana komai ba su sa komai in mai harbi bai iya ba. Ya sha furarsa ya koma Goronyo. Kawu ya ce hassada ce irin ta masu sana'a. Layun kuma ba za a rataya su haka ba, sai an yi musu rigar jar fata su dace da sauran. Aka sake aikawa Rabah.

A kwanakin nan Inna ta daina ƙirga da baki. Kullum da hantsi in ta dawo daga fadama sai ta ajiye guntun kudakun da gyado ya ci ya rage a bakin zauren kawu, ta wuce. Ya tsallake su ya shiga, ya tsallake su ya fita. Ni ma na bi ta gonar sau ɗaya. Na ga ganyen ya kwanta birjik, ƙasa a tone kamar an yi dambe a kai, Inna ta sunkuya tana mayar da jijiyoyin da ba za su sake kamawa ba.  Na tsaya ina kallon gulbi. A lokacin ina ganin in mutum ya ji tausayi a ransa ya yi nasa.

Ranar da aka fita, kunya goma sha tara ne suka rage. Kawu ya yi wanka, ya sa farar riga, ya fesa turare, ya ɗaura ɗamara bisa riga. Ya gayyaci abokansa na kasuwar fata, mutum kamar goma, ya ce su tsaya nesa a gindin giginya su yi shiru. Ni da Inna muka zauna a bayan tudun da ke gefen gona. A ɗaya gefen akwai 'yar rumfar da Inna take hutawa, da tulunta na ruwa a ciki. Tulun nan na kakata ne, baƙi, mai dogon wuya, ruwansa sanyi ko a tsakiyar bazara.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga gyadon ya fito daga cikin ciyawa, ba sauri ba fargaba, kamar mai zuwa gonar ubansa. Ya durƙusa ya fara aiki. Kawu ya ɗauki lokaci kafin ya zaro bindiga daga kube, ya cire murfi, ya cire hula, ya gyara layu. Ya ƙi kwanciya a ƙasa saboda riga, ya ɗora ta a kan reshen wata 'yar bagaruwa. Tsakaninsa da gyadon bai fi taku sittin ba. Bindigar da Bature ya ce tana samun kan kwalba daga nan zuwa ƙetaren gulbi.

Ya yi bisimilla da ƙarfi, ya ja kunama.

Ƙarar ta tashi duk tsuntsayen fadama. Na rufe ido, na buɗe. Gyado yana nan durƙushe, ya ɗago kai da saiwa a baki. Can gefe, nesa da shi da kamu ashirin ko fi, tulun Inna ya tarwatse, ruwa yana bin ƙasa, wuyansa kaɗai ya rage yana juyi.

"Sake mai! Sake mai, maigida!" in ji mutanen giginya.

Kawu ya ɗaga sakata ya ja baya, kwanso ya fita. Ya tura gaba da sauri, sai koren tuntun nan nawa ya yi lilon da na zana masa, ya faɗa cikin ramin harsashi, sakata ta danne shi. Ta ƙi gaba, ta ƙi baya. Ya ja, ya buga da tafin hannu, ya sa haƙori yana cizgar alharini. Gyadon ya gama tauna abin da ke bakinsa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga wutsiya tsaye kamar tuta, ya tafi da ɗan sassarfa. A hanya ya tsaya ya ƙara tone kan wata kunya.

 Sai wani daga cikin abokan ya ce, cikin ladabi, "Lalle wanga gyado shiryayye na." Nan take sauran suka kama, kowa yana ba da labarin wani gyado da ya taɓa ji wanda ƙarfe ba ya kama shi. Kawu ya share gumi ya ce shi ma ya ga harsashin ya nufi goshinsa sa'an nan ya karkata.

Inna ta tashi ta je rumfa, ta ɗauki wuyan tulun, ta goge shi da bakin zane. Da la'asar ta aika gida gida da kanta, ba ta nemi izinin kowa ba. Washegari gayya ta taru, aka haƙa rami, aka ja ƙaya, aka gama kafin azahar. Aikin yini guda ne ashe. Kunya goma sha takwas muka haƙa a shekarar. Hatsin da aka samu da su bai kai mu ko bazara ba. Inna ta sayar da awakinta biyu, muka koma tuwo sau ɗaya a yini, ta rame har zobenta ya riƙa zamewa. Ni aka ba ni aji a Rabah kafin damina, na tafi na bar ta da sauran wahalar.

Daga baya na sake buɗe littafin ni kaɗai, na karanta shafin nan mai manyan baƙaƙe da murya sosai, a ɗaki, inda ba mai ji. Na gwada zura takarda tsakanin ƙarfen da itacen. Ko bakinta bai shiga ba. Badukun bai yi ƙarya ba, ko aljani ba ya raba su. Tuntun kuwa sai da aka kira maƙeri ya ciro shi zare zare. Ban taɓa gaya wa Inna cewa ni na zaɓe shi ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba, ko da yake ta ga zanen a hannuna.

Kawu bai sake harba ta ba. Ya cusa kwanson da ya fita a aljihunsa na ɗamara don kada a ga giɓi, ya rataye bindigar a bangon zaure. Baƙi suka riƙa zuwa kallo daga Dinawa da Kwargaba, har aka ce mutum biyu sun kai wa badukun Rabah nasu bindigogin a yi musu irin wannan ɗinki.

A ƙasarmu maharbi yakan rataye ƙahon abin da ya kashe a zaurensa, kusa da makaminsa. Bayan gayya da kwana biyu Inna ta shiga zauren kawu yana zaune da mutane. Ta gaishe su, ta kafa turke a bango dab da bindigar, ta rataye wuyan tulun da igiyar rama.

"Yaya, mi ke nan?" in ji kawu.

"Ka ce za ka kawo mani haure in rataya. Ni ko na kawo maka naka. Abin da ta kashe na, a bar shi kusa da ita."

Yayarsa ce, bai isa ya sauke ba. Duk baƙon da ya yaba ɗinkin sai idonsa ya kai kan wuyan tulun ya tambaya, kawu kuma sai ya kira a kawo goro.